Niyok Ko Girinsboro: Ina 'Yan Nijar Suka Fi Samun Sauƙin Rayuwa A Amurka?

Daga Dungu, ƙasar Matameye

Idan aka ce ɗan wane ya tafi Amurka, a nan wajenmu magana ta ƙare ke nan, ba mai tambayar a wane gari ya sauka. Mu da ke zaune a Dungu da sauran garuruwan ƙasar Matameye mun san bambancin Kano da Legas, mun san wanda ya tsaya Agadas da wanda ya zarce Tamanrasat ba abu ɗaya suka tarar ba, domin can ne 'yan bidarmu suka saba zuwa shekara da shekaru. Amma Amurka sai mu ɗauke ta kamar unguwa guda wadda kowa ke sharar kuɗi a ƙofar gidansa. Alhali kuwa ƙasa ce mai jihohi 50, kowace jiha da dokokinta da harajinta da mafi ƙarancin albashinta, ta yadda mutum biyu da suka shiga jirgi ɗaya daga Yamai za su iya yin shekara goma a can, ɗaya ya kai iyalinsa ya kama gida, ɗayan kuwa har yanzu yana raba ɗaki da ƙarti uku.

Garuruwa biyu ne sunansu ya fi yawo a bakin 'yan Nijar mazauna can, da kuma masu kiranmu a shirye-shiryen gaishe-gaishe na rediyo. Na farko shi ne Niyok, birni mafi yawan jama'a a Amurka, wanda ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum miliyan 8 da dubu 800. Na biyu kuwa Greensboro ne, wanda mutanenmu ke kira Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa. Shi ne gari na uku a girma a jihar, da mutum kusan dubu 300, wato kwatankwacin birnin Damagaram. Tsakanin garuruwan biyu tafiya ce ta kilomita wajen 870 a mota, kusan nisan Damagaram zuwa Yamai. Mai karatu zai iya tambaya, yaya za a gwada giwa da akuya? Amsar ita ce ba mu muka gwada su ba, 'yan uwanmu ne suka gwada da ƙafafunsu, domin da yawa daga cikin 'yan Nijar da ke Girinsboro a yau, ko su ko iyayensu, ta Niyok suka shigo.

Ga yadda abin ya faru. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 fatake daga Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka fara baza kaya a kan titi na 125 da ke unguwar Harlem a Niyok, tare da 'yan Senigal da Mali da Gini. Huluna da riguna da jakunkuna da kaset-kaset da kayan fata su ne hajarsu. Karyar da darajar sefa da aka yi da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙara tura wasu. Wani malamin jami'a Ba'amurke mai suna Paul Stoller, wanda ya daɗe yana bincike a yammacin Nijar, ya bi rayuwar waɗannan fatake ya rubuta littafi a kansu a 2002. A watan Oktoban 1994 magajin garin Niyok na lokacin, Rudolph Giuliani, ya sa 'yan sanda suka tashi 'yan tireda daga titin, aka mayar da su wata kasuwa a titi na 116 ƙarƙashin kulawar masallacin Malcolm Shabazz. Ciniki ya ragu, domin masu saye ba su bi su can yadda suka saba ba. Daga nan wasu suka kama tuƙin tasi, wasu kuma suka bazu cikin ƙasa suna neman aikin masana'anta da haya mai sauƙi. Girinsboro da maƙwabciyarta High Point a lokacin sun shahara da masaƙu da kamfanonin kujeru da gadaje. Wanda ya riga ya zauna sai ya kira ƙanensa, ƙanen ya kira abokinsa, har garin ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar 'yan Nijar a duk Amurka.

To, bari mu fara da abin da ya fi jan hankalin samarinmu, wato albashi. Sai dai mu yi hattara da kalmar dala, tunda a nan idan muka ce dala sefa biyar muke nufi, a can kuwa dalar Amurka ce. Daga watan Janairun 2026 doka ta ce a Niyok ba a biyan ma'aikaci ƙasa da dalar Amurka 17 a awa guda. Idan muka ɗauki dalar a kan sefa 600 don sauƙin lissafi, jika goma ke nan da 'yan kai a awa ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun 2024 sefa 42,000 ne a wata, ma'ana ɗan Niyok yana samunsa cikin awa huɗu da 'yan mintoci. Masu kai wa mutane abinci gida a kan keke mai batir, aikin da 'yan Afirka ta Yamma suka cika a 'yan shekarun nan, birnin ya yanka masu nasu farashin, wanda ya haura dala 21 a awar aiki a 2025. Karolina ta Arewa kuwa ba ta ƙara ko kwabo a kan abin da gwamnatin tarayya ta tsayar ba, wato dala 7.25, kuma tun 2009 wannan adadi bai motsa ba. Gaskiya ne manyan rumbunan ajiyar kaya da masana'antu na yankin Girinsboro suna biyan fiye da haka don su samu ma'aikata, amma ba doka ce ta tilasta masu ba, kuma baƙon da bai iya Turanci ba shi ne ke fara wa daga ƙasan tsani.

Da a nan lissafin ya tsaya, da Niyok ta cinye gasar tun kafin a busa usur. Amma Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma karin maganar nan ta dace da dalar Amurka kamar don ita aka yi ta. Abin da ke cinye albashin Niyok shi ne kuɗin haya. A tsibirin Manhattan matsakaicin kuɗin hayar gida ya haura dala 4,000 a wata tun 2022. Mutanenmu ba nan suke zaune ba, yawancinsu suna gundumar Bronx inda ya fi sauƙi, amma ko a can ɗaki da falo na iya lashe fiye da rabin abin da mai ƙaramin albashi ya samu a wata. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari kacal na gidajen haya ne ba kowa a ciki, abin da ba a ga irinsa ba tun 1968. Bugu da ƙari, masu gidaje sun saba neman shaidar cewa abin da kake samu a shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40, da kuma tarihin biyan bashinka a banki. Sabon zuwa ina zai samo wannan? Shi ya sa sai ya faɗa ɗakin wani ɗan ƙasa, a zuba katifu, mai aikin dare ya kwanta da rana a inda mai aikin rana ya tashi. A hoton da ake turo mana ta WhatsApp ba a nuna katifun, dogayen benaye da ƙanƙara ake nunawa.

A Girinsboro kuɗin da zai kama maka ɗaki da falo a Bronx zai kama maka gida mai ɗakuna biyu, da wurin ajiye mota, har ka samu canji. Wanda ya jure ya yi shekaru yana aiki shi da maiɗakinsa yana iya cin bashin banki ya sayi gida na kansa mai ɗan fili a baya, abin da direban tasi a Niyok zai tsufa bai yi ba. Harajin ma ya fi sauƙi. Ɗan Niyok yana biyan na tarayya, ya biya na jiha, sannan ya biya na birni, kuma kusan duk abin da ya saya a shago, in ban da irin su kayan abinci da magani, ana ɗora masa kusan kashi 9 cikin ɗari. A Girinsboro babu harajin birni a kan albashi, na sayayya kuma bai kai kashi 7 ba.

Sai dai kada a ɗauka arhar gida na nufin lafiyar gida, a duka garuruwan biyu. Sanyin Niyok ba irin hunturunmu ba ne da ake hura wuta da asuba, rana ta fito a warware. Ruwa na daskarewa, kuma ko da yake doka ta wajabta wa masu gidaje ɗumama ɗakuna daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Mayu, a tsofaffin benayen talakawa ɗumin ba ya isa, sai mutane su sayi ɗan murhun lantarki su kunna su kwanta. A watan Maris na 2007 irin wannan murhu ya tada gobara a wani gida a Bronx, mutum 10 'yan asalin Mali suka rasu, 9 daga cikinsu yara. Ranar 9 ga Janairun 2022 aka sake yi a wani dogon bene mai suna Twin Parks, nan ma a Bronx, mutum 17 suka rasu har da yara 8, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Allah ya jiƙan su. A 2021 kuma da ruwan guguwar Ida ya sauka, mutum 11 ne suka nutse a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake ba marasa ƙarfi haya. Girinsboro tana kudu, sanyinta bai kai haka ba, amma ita ma a watan Mayun 2018 gobara ta cinye yara 5 'yan gida ɗaya, 'yan gudun hijira daga Kwango, a wasu gidajen haya da ke titin Summit, waɗanda daga baya masu binciken gari suka tarar da ɗaruruwan laifuffukan gini a cikinsu. Baƙo talaka, ko ina ya je, gidan da wasu suka ƙi shi ake ba shi.

Yanzu ga inda muke ganin gizo ke saƙa, wato mota da takardu. A Niyok mutum zai iya rayuwa har ya mutu bai taɓa riƙe sitiyari ba. Fiye da rabin gidajen birnin ba su da mota. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha 472, yana aiki dare da rana, kuma dala 3 ce shiga ɗaya tun Janairun 2026, ko ina za ka a cikin birnin. Girinsboro kuwa gari ne shimfiɗaɗɗe, gida a nan, masana'anta a bayan gari, masallaci a wancan gefe, shagon kayan miya a wani. Motocin bas na gari ba su da yawa, kuma ba su dace da mai tashi aiki ƙarfe biyun dare ba. Ba ka da mota, ba ka da aiki. Mota kuma tana son inshora da mai da gyara, waɗanda ke cinye wani kaso na rarar da aka samu a haya. Sannan tana son lasin tuƙi, wanda muke kira farmi a nan. Jihar Niyok tun watan Disamban 2019 take ba mutum farmi ko da ba shi da takardar zama. Karolina ta Arewa ba ta bayarwa. Saboda haka marar takardu a Girinsboro kullum ya tada mota zuwa aiki ya karya doka, kuma fitila ɗaya da ta mutu a bayan motarsa ta isa ɗan sanda ya tsayar da shi.

Abin da zai biyo bayan tsayarwar ma ya bambanta. Tun 1989 Niyok ke da ƙa'idar taƙaita haɗin kan ma'aikatanta da jami'an shige da fice na tarayya, kuma tun 2015 take ba duk mazauninta katin shaida na birni ba tare da tambayar yadda ya shigo ba. Akwai kuma wata yarjejeniyar kotu ta 1981 da ta ɗora wa birnin nauyin ba marar wurin kwana gado. Wannan ne ya sa daga 2022 zuwa 2024 baƙi sama da dubu 200 suka kwarara birnin, cikinsu har da samarin Senigal da Gini da Muritaniya da suka bi ta Nikaraguwa da Meksiko, har hukuma ta gaji ta taƙaita kwanan gwauraye a matsugunan zuwa kwana 30. A Girinsboro wata ƙungiyar agaji mai suna FaithAction ta fito da nata katin shaida a 2013, 'yan sandan gari suka amince da shi, amma majalisar jiha ba ta bi wannan hanya ba. A watan Nuwamban 2024 ta zartar da dokar da ta tilasta wa masu kula da gidajen yari na gundumomi su ba jami'an shige da fice haɗin kai, duk da gwamnan lokacin, Roy Cooper, ya ƙi sa hannu. Ba muna cewa Niyok ta zama tudun mun tsira ba ne. A watan Oktoban 2025 jami'an tarayya sun yi dirar mikiya a titin Canal sun kama 'yan tireda 'yan Afirka ta Yamma, wata guda bayan haka kuma suka yi samame a Charlotte, babban birnin kasuwanci na Karolina ta Arewa. Amma duk da haka, wanda takardunsa ba su cika ba ya fi samun inda zai raɓe a cikin mutum miliyan 8 da ba sa tambayarsa farmi.

Batun tsaro kuwa, abin da za mu faɗa zai ba wasu mamaki. Fina-finai sun sa mun ɗauki Niyok garin 'yan bindiga. A 1990 haka ne, an kashe mutum sama da 2,200 a shekarar. Amma a 2023 adadin bai kai 400 ba. A wannan shekarar ta 2023 Girinsboro ta ga kisan kai sama da 70, mafi yawa a tarihinta, ko da yake ya ragu a shekarar da ta biyo baya. In aka raba da yawan jama'a, ƙaramin garin ya ninka babban sau da yawa, kuma dokokin mallakar bindiga sun fi sassauci a can. Unguwannin da rikicin ya fi yawa su ne masu arhar haya, inda sabon zuwa ke sauka. A ɗaya gefen, 'yan Afirka mazauna Bronx ba su manta da Amadou Diallo ba, ɗan tiredan nan ɗan ƙasar Gini da 'yan sanda huɗu suka buɗe wa wuta da harsashi 41 a ƙofar gidansa a watan Fabrairun 1999, ba ya riƙe da komai sai jakar kuɗinsa.

Rashin lafiya ba mu da dogon bayani a kai, sai dai mu ce a Amurka ciwo ya fi talauci tsada. Dokar 1986 ta hana asibiti korar wanda aka kawo cikin gaggawa, amma takardar biya na biyo shi gida. Niyok na da asibitocin gwamnatin birni, kuma a 2019 ta fara wani shiri mai suna NYC Care daga Bronx, wanda ke ba marar inshora damar ganin likita gwargwadon ƙarfinsa, ko yana da takardu ko ba shi da su. Karolina ta Arewa sai a watan Disamban 2023 ta faɗaɗa inshorar gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma marar takardu ba ya ciki.

Inda Girinsboro ke ramawa shi ne wajen iyali. Duk magidancin da ya taɓa zama da mata da yara huɗu a ɗaki biyu, a hawa na biyar, cikin watannin da ba a iya fita waje, ya san abin da muke nufi. A Girinsboro yaro na da tsakar gida. Gundumar Guilford, inda garin yake, tana da makaranta ta musamman ga yaran da suka iso ba su jin Turanci, inda ake riƙe su kafin a saka su cikin sauran ɗalibai. Garin na da jami'o'i, ciki har da A&T, jami'ar baƙar fata mafi yawan ɗalibai a Amurka, wadda ɗalibanta huɗu suka zauna a teburin cin abinci na fararen fata a shagon Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960 suka ƙi tashi, watanni shida kafin Nijar ta samu 'yancin kai. Shagon yanzu gidan tarihi ne. Akwai gonaki a kewayen gari inda mutum zai je ya zaɓi ragon layya da idonsa. Mai ɗan fili a bayan gida yana shuka kuɓewa da tumatir da barkono, kuma a nan mu manoman fadama za mu yi murmushi, domin mutanen kudancin Amurka ma suna cin kuɓewa, bayin da aka kwasa daga Afirka ne ake dangantawa da kai ta can. Suna da biki da ta'aziyya duk ana haɗuwa, tunda garin ƙarami ne, kowa ya san gidan kowa. Wasu na ganin wannan alheri ne, wasu samari kuma na kukan cewa sun tsallake teku sun tarar da tsegumin da suka baro a gida yana jiransu.

Ta fuskar addini kuwa Niyok ta yi gaba. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin ke rufewa ranar ƙaramar salla da babba. A 2023 magajin gari Eric Adams ya ba masallatai izinin kiran sallar Juma'a da lasifika, da kuma na magariba a watan azumi, ba sai sun nemi takarda ba. A watan Nuwamban 2025 birnin ya zaɓi Zohran Mamdani, haifaffen Kampala ta Yuganda, Musulmi na farko da ya zama magajin garin, kuma alƙawarin hana ƙarin kuɗi a gidajen haya da hukuma ke ƙayyade farashinsu, kusan miliyan guda, na cikin abin da ya kai shi kujerar. A Bronx akwai masallatan da ake wa'azi da Hausa, albarkacin 'yan zangon Gana da suka daɗe a can da ƙungiyarsu ta 'Yankasa. Bahaushen Dungu da bai iya ko gaisuwa da Turanci ba zai iya sauka Bronx ya ci tuwo, ya yi salla, ya samu mai nuna masa hanya, duk a rana ɗaya da harshen uwarsa. A Girinsboro akwai masallatai da cibiyar Musulunci da makarantun ƙarshen mako na yara, kuma ana jin Hausa da Zabarmanci a taron 'yan Nijar, amma ranar salla in ta faɗo ranar aiki sai ka roƙi shugabanka hutu.

Ayyukan da suka ja na farko zuwa Girinsboro ma sun canja. Masaƙar White Oak ta kamfanin Cone, wadda ta yi sama da shekara ɗari tana saƙa yadin wandon jins, ta rufe a ƙarshen 2017. Abin da ya maye gurbi shi ne rumbunan rarraba kaya, da cibiyar FedEx da masana'antar ƙananan jiragen Honda a filin jirgin saman yankin, da kuma sabuwar masana'antar batir ta Toyota a garin Liberty da ke kusa. Duk waɗannan sai da takardar izinin aiki ake shiga, wasu kuma sai da ɗan ilimi. Niyok kuwa har gobe tana da aikin da ba a tambayar komai, wankin kwanoni da dako da talla da kitso, amma mai su ba shi da ranar hutu kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

In aka matsa mana mu yanke hukunci, ga abin da muka gani. Niyok garin gwauro ne da sabon zuwa da wanda takardunsa ba su daidaita ba, yana samun kuɗi a hannu da sauri, yana kuma biya da jikinsa da barcinsa. Girinsboro garin mai takarda ne da mota da iyali, kuɗin shiga kaɗan, amma abin da ke saura bayan haya ya fi auki. Shi ya sa hanyar ta fi tafiya daga arewa zuwa kudu, mutum ya fara da Bronx, in katin zama ya fito kuma uwargida ta iso, ya ɗaure kaya. Wannan ya shafe mu a nan gida ta wajen yadda muke auna 'yan uwanmu. Sau nawa muka ji ana cewa wane da ke Niyok ya turo jika ɗari biyu, wane da ke Karolina kuwa shiru, ya manta da iyayensa? Mai yiwuwa na farkon a katifar karo-karo yake kwana don ya turo, na biyun kuma yana biyan bashin gida da inshorar mota da abincin yara biyar. Mai yiwuwa kuma akasin haka, wanda ya yi shiru a Niyok watan nan ruwa da ƙanƙara ne suka hana shi hawa keke. Kiran da muke yi masu da hantsinmu, can asuba ce ko tsakar dare, tunda muna gabansu da awa biyar ko shida.

Ga samarinmu kuma da ke maganar jinginar da garkar rake ko gonar gado don su kama hanya, ya kamata su san halin da ƙofar take ciki. Ƙasar Kance ta riga ta san kuɗin tafiyar da ba a yi wa lissafi ba, tun watan Oktoban 2013 da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga nan yankinmu. Hanyar Amurka ta halal da talaka ya sani ita ce cacar biza, mai gurbi har 55,000 a shekara ga duniya baki ɗaya, wadda aka cire Najeriya daga cikinta tun 2013 saboda yawan 'yan ƙasarta a can, aka bar Nijar. To, a watan Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da bayar da biza, a watan Disamban shekarar kuma shugaba Donald Trump ya saka Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka daga 1 ga Janairun 2026. Wannan ya taɓa har waɗanda suka daɗe a Girinsboro suna tara kuɗi da cike takardu don su ɗauko matansu da 'ya'yansu. Daga wannan ranar ce kuma aka fara cire harajin kashi 1 cikin ɗari a kan duk kuɗin da mutum ya kai tsaba wurin masu aikawa don a turo gida, ko daga Bronx ya aiko ko daga Girinsboro.